Darasin Kiwon Lafiya da Motsa Jiki a Firamaren Arewacin Nijeriya: Tsakanin Allo da Fili

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsayin darasin kiwon lafiya da motsa jiki a makarantun firamare na arewacin Nijeriya. An bi takardun manufofin ilimi na ƙasa da ƙa'idojin hukumomin duniya da wasu bincike da aka wallafa, sannan aka auna su da halin da ɗaliban yankin suke ciki. An gano cewa duk amfanin da bincike ya tabbatar wa darasin a kan aikatawa ya rataya, alhali rubutu a allo da haddar jarrabawa ne suka mamaye koyar da shi. Maƙalar ta nuna cewa malami mai horo da ruwa da sabulu da wasannin gargajiya sun fi kayan wasa masu tsada amfani, kuma 'yan mata ne suka fi asara idan darasin ya mutu.

1.0 Gabatarwa

A rubuce, Nijeriya ba ta manta da jikin ɗalibi ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma sake duba ta sau da dama, ta sanya kiwon lafiya da motsa jiki cikin abin da ake koya wa yaro tun firamare. A 1991 ƙasar ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda sashenta na 31 ya ba yaro haƙƙin wasa da hutu. A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufa ta musamman kan lafiya a makarantu. A matakin duniya kuwa, tun 1978 UNESCO ta ayyana ilimin motsa jiki a matsayin haƙƙin kowa.

Sai dai darasin ya sha sauyin mazauni. Lokacin da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta yi wa manhajar shekara tara ta ilimin bai-ɗaya garambawul a 2012, an cusa shi cikin darasi guda tare da kimiyya da fasaha da kwamfuta. Manufar rage wa yara nauyin darussa ce, kuma tana da hujja, amma darasin da yake buƙatar fili da ruwa ya koma wani ɓangare na littafi. Sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ta maido masa da sunansa a jerin darussa. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me darasin yake amfana wa yaro, kuma ta wace hanya amfanin yake isa gare shi a makarantar Kano ko Gusau ko Damaturu?

2.0 Hanyar Bincike

Nazarin takardu aka yi, ba a raba takardun tambayoyi ba. An fifita binciken da aka kwatanta rukunin yara biyu a cikinsa, domin shi ya fi nuna sababi. An kuma lura da inda aka gudanar da kowane bincike, saboda abin da ya tabbata a Kanada ba lallai ne ya zauna daidai a Zamfara ba.

3.0 Motsa Jiki da Karatu

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, tare da wasannin ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana uku a mako. Binciken Regina Guthold da abokan aikinta, wanda ya tattara bayanan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, ya nuna cewa a 2016 kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ma'auni: kashi 85 a mata, kashi 78 a maza.

Babban abin da ke sa shugaban makaranta ya ɗauke wannan darasi ya ba malamin lissafi shi ne tsoron ɓata lokaci. An daɗe da gwada wannan tsoro. A shekarun 1970, a yankin Trois-Rivières na Kanada, Roy Shephard da abokan aikinsa sun bi yara 546, aka ƙara wa wasunsu awa biyar ta motsa jiki a mako, aka cire lokacin daga sauran darussa. Sakamakon karatunsu bai faɗi ba, a wasu azuzuwan ma ya ɗara na takwarorinsu. A 2014 Charles Hillman da abokan aikinsa na Jami'ar Illinois a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da yara 221 'yan shekara 7 zuwa 9. Waɗanda suka yi wata tara a shirin wasanni bayan tashi daga makaranta sun fi sauran ci gaba wajen tattara hankali da sauya tunani daga wani aiki zuwa wani.

A nan ne ya kamata mai bincike a ƙasar Hausa ya yi hattara. Waɗannan nazarce-nazarce an gina su ne a kan yaran da zama ya yi wa yawa. Akwai irinsu a biranenmu: ɗan makarantar kuɗi da aka buɗe a gidan haya, ba ta da filin da zai ɗauki aji guda, mota ta kawo shi, mota ta mayar da shi, da yamma islamiyya, da dare waya. Amma yarinyar ƙauye da ta ɗebo ruwa da asuba, ta yi tafiya mai nisa zuwa makaranta, ta dawo ta ɗauki talla, ba motsi ta rasa ba. Ta rasa abinci da hutu da wasa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Yamma. Yaron da ya zo bai karya ba, aka sa shi zagaya fili a ranar watan Afrilu, an cuce shi. Saboda haka amfanin darasin ga irin waɗannan yara yana cikin koyon sarrafa jiki, da bin ƙa'ida, da aiki tare, da jure faɗuwa a gasa, da sanin lokacin da jiki yake neman ruwa ko inuwa. Aikin wahala ba ya koyar da ko ɗaya daga cikinsu.

4.0 Ɓangaren Kiwon Lafiya

Hujjar wannan ɓangare ta fi kusa da mu. Valerie Curtis da Sandy Cairncross sun tattara bincike da dama a 2003, suka kiyasta cewa wanke hannu da sabulu yana rage haɗarin gudawa da kashi 42 zuwa 47 cikin 100. Hannun da aka wanke ne ya kawo wannan ragi. Ɗalibin da ya haddace lokutan wanke hannu ya ci maki goma, a makarantar da ba randa ba buta, makewayi kuma ya cika an rufe shi, bai tsira daga komai ba. Shi ya sa tsarin lafiyar makarantu da hukumomin duniya suka ƙaddamar a taron ilimi na Dakar a 2000 ya haɗa koyar da dabarun lafiya da samar da ruwa da makewayi a wuri guda.

Tsargiya misali ce da ta cancanci a tsaya a kanta. Yara maza suna wanka a kududdufi ko bakin dam, ƙwayar cutar da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata ta shiga jiki, bayan wani lokaci yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. A wasu garuruwa ana ɗaukar wannan alamar balaga ce, don haka ba wanda zai kai shi asibiti. Shi kuma idan ya yi fitsari a ruwan, ƙwayayen sun koma ga dodon koɗi, zagayen ya ci gaba. Malamin da ya kai ɗalibansa bakin ruwan garinsu, ya ɗauko dodon koɗi da cokali ya nuna musu, ya ce wanda yake ganin jini ya same shi a keɓe domin akwai magani, ya yi aikin da babi guda na littafi ba zai yi ba. Binciken Edward Miguel da Michael Kremer a gundumar Busia ta Kenya, wanda aka wallafa a 2004, ya nuna cewa raba maganin tsutsar ciki a makarantu ya rage fashin ɗalibai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. An yi muhawara daga baya a kan girman adadin, amma ba a musa cewa yaro marar lafiya yana yawan fashi ba.

Akwai kuma riba ta biyu. A gidajenmu yaya ce take goyon ƙaninta, ita take ba shi abinci, ita take masa tsarki. A kan wannan gaskiya David Morley da Hugh Hawes na Jami'ar Landan suka gina tsarin koyar da lafiya daga yaro zuwa yaro, gab da Shekarar Yara ta Duniya ta 1979. 'Yar aji biyar da ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari, ta san alamun sanƙarau da mashaƙo, ta san amfanin gidan sauro, ilimin nata yana shiga ɗakin da ma'aikacin lafiya ba ya shiga, har ya kai ga 'yan uwanta da ba a sa makaranta ba. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta nuna cewa kowane yanki yana da nasa haɗarin, kuma manhajar da aka rubuta a Abuja ba za ta iya lissafa su duka ba. Dole malami ya ƙara da abin da ke garinsa.

5.0 Wasannin Gida da Batun 'Yan Mata

Uzurin da aka fi ji shi ne rashin kayan aiki. Gaskiya ne babu su, amma darasin bai tsaya a kan ƙwallo da raga ba. A langa yaro yana riƙe ƙafa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗayar, yana ture abokin karawa ba tare da ya saki ƙafar ba. Akwai ɗan wasan da ake kira ruwa, wanda 'yan ɓangarensa suke karewa har ya kai wurin sha, ɗaya ɓangaren kuma suna neman kayar da shi. A wasa guda an sami daidaita jiki da ƙarfin cinya da dogon numfashi da dabarar ƙungiya, ba a kashe kwabo ba. Langa da kokawa da dambe suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, kuma a Nijar gasar kokawa ta neman takobi, da aka fara a Tawa a 1975, ta zama babban taron ƙasa. Abin takaici ne yaro ya kwafi faɗin filin wasan kurket a littafinsa, wasan da bai taɓa gani ba, alhali an hana shi langa a harabar makaranta da sunan ɓata inifom. Dambe dai bai dace da firamare ba saboda bugun kai. Kokawa kuma tana buƙatar yashi da alƙali da daidaita 'yan wasa bisa nauyi.

'Yan mata suna da gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya, amma dandali yana ƙarewa a birane, kuma daga aji huɗu ko biyar sai ka ga sun koma gindin bishiya suna kallon maza. Iyayen da ba sa son 'yarsu ta yi tsalle a gaban maza ba su ƙi lafiyarta ba, kuma yi musu kallon jahilai ba zai buɗe ƙofa ba. Abin da zai buɗe ta shi ne malama mace da keɓantaccen wuri da sutura mai yalwa. Addini ma bai hana ba, domin ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Haka batun jinin al'ada: yarinyar da ta karanta hukuncin haila da tsarki a Ahalari tana da tushen da malama za ta ɗora bayanin jiki da tsafta a kansa ba tare da an tayar da ƙura ba.

6.0 Malami da Ma'aunin Jarrabawa

Manufar ilimi ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma ajin da ya ninka haka ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na birane. A irin wannan aji, malamin da ba a horar da shi ba zai zaɓi alli, domin fitar da yara fili yana nufin hayaniya da rauni da ƙorafin iyaye. Wani kuma ya mayar da motsa jiki horo: tsallen kwaɗo ga wanda ya makara, kamun kunne ga mai surutu. Yaron da ya tashi a haka zai tsani motsa jiki har girmansa.

Horon malami ya wuce sanin dokokin wasa. Ana kiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara, don haka malamin firamare zai haɗu da su. Ya kamata ya san cewa zafi da ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna tayar da ciwon, ya bar yaron ya yi wasa gwargwadon ƙarfinsa da ruwa a kusa, kada ya tilasta shi kada kuma ya ware shi. Haka mai asma a lokacin hazon hunturu. Jadawali ma sai an duba shi, a kai darasin farkon safiya a watannin bazara.

Muddin takarda ce kaɗai za ta auna wannan darasi, malami zai ci gaba da koyar da abin da takarda take tambaya. Kwalejojin ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi suna iya ware rabin makin ga abin da ake gani da ido: ɗalibi ya wanke hannu a gaban malami, ya haɗa ruwan gishiri da sukari da ma'aunin da ya dace, ya ɗaure rauni, ya jagoranci wasa na minti goma. Mai duba makarantu kuma, bayan ya duba rijista da tsarin darasi, ya nemi a nuna masa randa da makewayin mata da filin da aka yi darasin makon jiya.