Makarantar Alƙalai ta Kano da Masu Binciken Kotuna

A 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, kuma gidansa na ƙasa yana nan har yau a cikin GRA. Ya koyar da 'ya'yan sarakai da malamai karatun boko da lissafi, amma kujerar alƙali ta zauna a hannun waɗanda suka yi karatun zaure. Turawa na buƙatar alƙalai, domin su ne ke ɗauke da yawancin shari'un Arewa, sai dai suna son alƙalin da zai rubuta hukunci a rajista yadda Razdan zai iya bincikawa.

Wannan buƙata ce ta haifi Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. An ɗauko shehunai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah, aka zuba ɗalibai daga lardunan Arewa. Littattafan dai su ne na gida, Risala da Muhtasar da Tuhfa. Abin da ya sauya shi ne aji da jarrabawa da takardar shaida, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka saba ɗalibi ya shekara goma gaban malami guda. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma Makarantar Koyon Larabci, SAS. Shehu Abubakar Gumi ya yi karatu a nan kafin ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. A harabarta kuma aka fara kwalejin da ta rikiɗe ta zama Jami'ar Bayero, a 1960.

Abin da ke ci mini rai shi ne, makarantar ta koyar da abin da littafi ya ce, amma tambayar yadda ake yanke hukunci a zahiri, inda fiƙihu ke haɗuwa da al'ada da ikon sarki, baƙi aka bar wa. Joseph Schacht ya zagaya Arewa a 1950 yana irin wannan bincike. J.N.D. Anderson ya fitar da littafinsa kan shari'ar Musulunci a Afirka a 1954, bai tsaya a rubutu ba, ya shiga kwamitin masana da aka kafa a 1958 don duba tsarin shari'ar Arewa, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Daga shawarar kwamitin aka samu kundin Final Kot, wanda ya raba alƙalai da hukunta laifuka bisa mazhabar Malikiyya. Binciken baƙo ke nan ya zama dokar da aka ɗaure talaka da ita.

Wanda ya fi kusantar abin da nake nufi shi ne Allan Christelow, da ya koyar a Jami'ar Bayero. Ya zauna da rajistar majalisar Sarkin Kano Abbas ta 1913 da 1914, ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'i daga cikinta, ya buga a 1994. A ciki za ka ga rigimar gona da gida, da bawa mai neman fansar kansa, da macen da ta kawo kuka gaban sarki. Da Larabci aka rubuta rajistar nan, irin Larabcin da ɗaliban SAS suka fi kowa iya karantawa, kuma ire-irenta na jibge a ma'ajiyar tarihi ta Gidan Ɗan Hausa da ta Kaduna. Ya kamata tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero ta riƙa tura ɗalibanta can kafin gara ta riga su.