Lambu da Kasuwar Hunturu a Tarihin Kano

A ƙasar Kano ruwan sama yakan ɗauke a ƙarshen watan Satumba ko farkon Oktoba, ba ya komowa sosai sai wajen Mayu ko Yuni. Saboda haka tun zamanin da babbar dabarar uwargida ita ce shanya. Da kaka takan yanka kuɓewa ta busar, ta daka kuka, ta ajiye kalkashi da barkono da daddawa, domin da su za a yi miya har damina ta kewayo. Wanda ke son ɗanyen ganye cikin hunturu kuwa, sai ya dogara ga mutum guda, watau mai lambu.

Noman lambu tsohuwar sana'a ce. Manomi yakan sami fadama ko bakin rafi, ya yanka ƙasar fangali fangali, ya kafa jigo bisa rijiya, yana ɗebo ruwa safe da yamma. Sanyin hunturu shi ne abokin aikinsa, gama alkama da albasa ba su son zafin bazara. A cikin birnin kuwa, rafin Jakara ne ya ɗauki nauyin wannan aiki, kuma a gefensa ne Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, kamar yadda littafin Tarihin Kano ya nuna. Ashe ke nan ruwa da lambu da kasuwa sun daɗe suna maƙwabtaka. Sa'ad da Bature Clapperton ya iso Kano cikin 1824, ya tarar da kasuwar a tsakiyar fadama, da Sarkin Kasuwa mai lura da rumfuna. Har wa yau, a zamanin sarakunan Fulani akwai haraji na musamman da ake kira kuɗin rafi, wanda masu noman ban ruwa ke biya. Hukuma ba ta aza haraji bisa sana'ar da ba ta kawo riba.

Harshen Hausa kansa shaida ne ga wannan tarihi. Kuɓewa da rama da yakuwa da gauta sunayensu na gida ne. Alkama da albasa kuwa daga Larabci aka aro su, abin da ke nuna hanyar da suka biyo, watau ta fataken Sahara. Sa'an nan ga tumatir da latas da kabeji da karas, waɗanda sunayensu suka fito daga Turanci. Waɗannan sun yaɗu ne bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, musamman da jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, aka kafa Sabon Gari, baƙi masu wata irin cima suka yawaita. Masu lambu suka ga ciniki, suka shuka abin da ake nema. Sannu a hankali tumatir ya shiga tukunyar Bahaushe, har yau da wuya a ga miyar dage-dage ba tare da shi ba.

Babban juyi ya zo ne a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A lokacinsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta cikin 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Daga Tiga aka ja ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, gonakin da dā ke zaman banza da rani suka koma kore. Cikin 1993 kuma aka soma shirin Fadama da taimakon Bankin Duniya, ƙananan injunan ban ruwa suka bazu, jigo ya ja da baya. Daga nan kasuwanni suka canja kama. Kasuwar 'Yankaba ta zama matattarar kayan gwari a birni, a Kwanar Gafan kuwa, bisa hanyar Zariya, kasuwar tumatir kan ci ne a lokacin kakar lambu, manoma su kawo kwanduna, manyan motoci su ɗauka zuwa Legas da sauran garuruwan kudu.

Amma fa yawan amfani bai zama wadata ga kowa ba. Tumatir ba ya jira. Wajen Fabrairu da Maris yakan cika kasuwa har farashi ya faɗi, manomi ya rasa kuɗin kwando, sai ya yanka ya shanya a ƙasa ya mai da shi kauɗa. Da damina ta kama kuwa sai ya yi tsada, talaka ya koma ga busasshe ko na gwangwani. Cikin 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, farashi ya ninka sau da yawa, aka ga haɗarin dogara ga shuka iri ɗaya. Ban da wannan, lambunan cikin birni, waɗanda su ne mafi kusa da matalauta, gine-gine sun cinye da yawa daga cikinsu, kuma ruwan Jakara ya gurɓata da ƙazantar gari da ta masana'antu. Can ƙasa kuma, mutanen fadamun Haɗejiya da Nguru sun ga ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu bayan gina Tiga da madatsar Challawa, wadda aka gama cikin 1992.

Abin da tarihin nan ke koyarwa shi ne, ɗanyen abinci cikin hunturu yana tsaye ne bisa duwatsun murhu uku: ruwa mai tsabta, ƙasa kusa da gari, da kasuwar da manomi zai sayar ba tare da hasara ba. Kano ta dā tana da ukun a wuri ɗaya, ko da yake kaɗan ne. Kano ta yau ta sami yawa, amma duwatsun sun yi nisa da juna. Ya kamata malaman makarantun horon malamai su sa ɗalibansu su tattara sunayen tsofaffin lambuna da kalmomin sana'ar daga bakin dattawa, tun kafin waɗanda suka ja jigo da hannunsu su ƙare.