Hidimar mata a idon masu fasaha: Daga Vietnam zuwa Gwandu

A ƙasashe da dama, masu fasahar zamani sun mai da hankali kan aikin da mata ke yi a cikin gida, wanda galibi ba a biyansu, ba a kuma sa shi cikin lissafin tattalin arziki.

Abin lura shi ne da yawa daga cikinsu kayan girki suke ɗauka su yi magana da su.

Farantan Vietnam

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage ita ce Ly Hoang Ly, 'yar ƙasar Vietnam, wadda aka haifa a birnin Hanoi a shekarar 1975.

Ta tara manyan farantan sanholo, irin waɗanda ake jera wa iyali abinci a kai a ƙasarta, ta haɗa su suka zama wata doguwar hasumiya.

Manufar ita ce a tuna da matan da ke dafawa su kai wa kowa, amma ba a gina musu wani abin tunawa kamar yadda ake gina wa mayaƙa.

Tsohuwar muhawara a ƙasar Hausa

Wannan batu ba baƙo ba ne a daular Usmaniyya.

A littafinsa Nurul Albab, Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya kwatanta hakan da yadda ake amfani da kayan aikin gida har su lalace a yar.

A shekarar 1805 jama'ar Shehu suka zauna a Gwandu, lokacin 'yarsa Nana Asma'u tana da kimanin shekaru 12 da haihuwa. Daga baya garin ya zama mazaunin ƙanensa Abdullahi, wanda aka damƙa wa yammacin daular.

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan naɗa wa dattijuwa malfa da jan rawani, a kira ta jaji, ta riƙa jagorantar matan ƙauye wajen neman ilimi ta hanyar waƙoƙin Hausa da Fulatanci.

Bayan karatu, 'Yan Taru sun riƙa jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sasanta rikicin gida. Wato hidima ta zama abin girmamawa saboda an haɗa ta da ilimi.

Ƙwarya da tukunya

Marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtua, wadda ta rasu a 2013, ta shahara ne da kiɗan amada, inda mata ke kifa ƙwarya a kan ruwa suna bugawa.

Waƙoƙinta sun taɓo kishi, da haihuwa, da kuma kira ga mata su kama sana'a domin kada su dogara kacokan ga miji.

Ita kuwa Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, ta koyi ginin tukwane ne a gida kamar sauran matan garinsu. A 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a garin Abuja na da, wato Suleja ta yanzu.

An nuna tukwanenta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta na bayan takardar naira 20.

Masu ɗaukar hoto

A 2015 Fati Abubakar ta fara wallafa hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a shafin Instagram mai suna Bits of Borno, domin nuna cewa akwai kasuwa da biki da makaranta duk da rikicin Boko Haram.

Rahima Gambo ma ta yi aiki da 'yan matan sakandare a Maiduguri a wani shiri da ta kira Tatsuniya, inda ta nuna su suna wasa da karatu.

Gwandu da Kalgo

A ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi, kamar sauran karkarar arewa, mata na turara shinkafa, suna matsar man gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli, suna ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarma daga cikin gida.

Jeren ɗakin amarya kansa fasaha ce: yadda ake tsara kwanuka da tasoshi na nuna gatan yarinya, kuma dukiya ce tata ta kanta da za ta iya sayarwa idan buƙata ta taso.

Sai dai hular kan isa kasuwa ne ta hannun yara ko dillalai, kuma mai saye ba ya sanin sunan wadda ta shafe makonni tana ɗinkinta.

Akwai kuma saɓanin malamai game da zana surar mai rai, abin da ya sa fasahar yankin ta fi karkata ga zayyana da rubutu da saƙa.

Manyan zaurukan baje kolin fasaha na Najeriya suna Legas da Abuja ne, nesa da waɗannan mata. Tarihin Ladi Kwali ya nuna cewa samun wurin nuna aiki, tare da rubuta sunan mai shi, na iya sauya darajar tukunya da ta maginiyarta.