Maɗaba'un Farko da Rubutun Matan Ƙasar Hausa

Duk lokacin da aka zauna lissafin marubutan Hausa na farko, sunayen da kan fito su ne Abubakar Imam, Bello Kagara, Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran tsararrakinsu. Babu mace ko ɗaya a cikinsu. Wannan ya sa wasu daga cikinmu suka ɗauka cewa mata ba su kama alƙalami ba sai jiya-jiya. Alhali kuwa idan muka bi diddigi, za mu tarar mata sun daɗe suna rubutu. Maɗaba'a ce ta makara wajen karɓar abin da suka rubuta.

Tun kafin injin buga littafi ya iso ƙasar nan, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta bar rubuce-rubuce wajen sittin cikin Fulatanci da Hausa da Larabci. A zamaninta, wallafa littafi shi ne a sami mai kwafa ya zauna da tawada da takarda ya juya shi da hannu. Ita kuwa ta ƙara da wata dabara. Ta naɗa dattawan mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, su kuma su jagoranci 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin, su koma su koya wa 'yan uwansu. Ta haka waƙa kan tashi daga Sakkwato ko Wurno ta shiga gidajen da ko takarda babu. Abin lura a nan shi ne, wannan hanya tana hannun mata ne tun daga tushe har reshe.

Da Turawa suka zo, sai al'amarin ya canza salo. A 1929 suka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. Manufarta ita ce samar da abin karantawa cikin boko domin makarantun gwamnati. A 1933 East ya zagaya manyan garuruwa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi.

To, wa zai iya shiga irin wannan gasa? Sai wanda ya iya rubutun boko, kuma kiran ya kai gare shi. Kwalejin Katsina, inda Imam da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, maza zalla take ɗauka. Makarantun 'yan mata kuwa sai a farkon shekarun 1930 aka fara buɗe su a Kano da Katsina, da 'yan ɗalibai ƙalilan. Malama da ke cikin kulle tana rubuta waƙar wa'azi da ajami ba ta cikin lissafin hukumar. Ba a kafa wata doka da ta hana buga aikin mace ba. Abin da ya faru shi ne an zaɓi haruffan da mata ba su koya ba, an kuma nemi marubuta a wuraren da mata ba sa zuwa.

Haka aka ci gaba. Aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sannan Hukumar NORLA ta yi ta fitar da ƙananan littattafai na Yaƙi da Jahilci har zuwa 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC. Littattafai sun yawaita, amma ƙagaggen labari mai ɗauke da sunan mace a bangonsa bai bayyana ba.

Wani abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne labarin Baba ta Karo. Wannan tsohuwa ba ta karatu ba ta rubutu, amma tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a lardin Zazzau, ta ba ta tarihin rayuwarta da Hausa: aure da kishi da goyo da bori da harin masu kama bayi da zuwan Turawa. A 1954 aka buga shi a Landan da Ingilishi, shekara uku bayan rasuwarta. Masana a Ingila da Amurka suka yi ta nazarinsa, alhali jikokin tsarar Baba ba su ga kalmominta da harshen da ta faɗe su ba sai bayan kusan shekara arba'in. Ita ma Nana Asma'u, zuriyarta ne suka adana takardunta a gidan Wazirin Sakkwato Junaidu, kuma sai a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta cikin kundi guda, aka buga a Amurka. Shekara 133 ke nan da rasuwarta.

Ƙofa ba ta buɗe ba sai da NNPC ya shirya gasa a ƙarshen shekarun 1970. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo, budurwa Bafillatana da ta kafe sai wanda take so, ko da yake ba ƙabilarsu ɗaya ba. Tsakanin gasar East da fitowar wannan littafi akwai shekara 47.

Da an bar wa manyan kamfanoni ragamar, da ƙila har yanzu ana ƙirga marubuta mata da yatsun hannu. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya haifar da ɗimbin 'yan mata masu karanta boko. A daidai lokacin da suka tasa, tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka maƙale wa littattafan makaranta. Sai marubuta suka juya ga ƙananan maɗaba'un cikin gari, irin masu buga katin biki da rasit da kalanda. Mace ta tara kuɗin adashe ko ta sayar da wani abu nata, ta biya a buga, ta kai wa dillalan littattafai a kasuwa. Ta wannan hanya Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta fitar da Allura Cikin Ruwa. Masu suka sun kira abin adabin kasuwar Kano. To amma a cikin wannan kasuwa ne aka fara jin bakin mata a kan auren dole da saki da karatun 'ya'ya mata, ba tare da wani ya tace musu ba. Har ma a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi.

Sai dai wannan 'yanci ya zo da nasa naƙasu. Mai ƙaramar maɗaba'a ba edita ba ne, abin da aka miƙa masa shi yake bugawa. Da yawa daga littattafan nan sun fito babu shekarar bugu, babu sunan maɗaba'a, takardarsu kuma mai saurin rududdugewa. Yau idan ɗalibi ya nemi bugun farko na wasunsu, sai ya sha wuya.

Nan ne tarihin ya zo kanmu. Takardun Nana Asma'u sun tsira ne domin gidansu ya riƙe su da daraja. Maganar Baba ta tsira ne domin wata ta zauna ta rubuta. Ƙanwarmu da ta buga littafi guda a 1991 ta yi aure ta yi shiru, wa ya ajiye nata? Ya kamata kowane reshe na ƙungiyarmu ya tanadi akwati ko kabad na ajiye kwafin duk abin da mambobi suka buga, a rubuta shekara da maɗaba'a. Idan za mu shirya gasa ko taron karatu, mu tambayi kanmu ko sanarwar ta shiga cikin gidaje, ko kuwa ta tsaya a zaure. Masu shirin kai aikinsu maɗaba'a kuma, kada su yarda a buga ba tare da shekara da cikakken sunansu ba. Allah Ya yi mana jagora.