Yadda Akwalar Keke Ta Farfaɗo da Garin Crested Butte

Sanin kowa ne cewa keke ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da shi iyayenmu suka ci kasuwannin ƙauye, da shi aka kai mu makaranta. Sai dai abin da mai karatu zai yi mamaki shi ne a ce masa akwai garin da mutane ke barin gidajensu, su biya kuɗin jirgi da na masauki, ba don komai ba sai don su tura keke zuwa ƙololuwar dutse su gangaro. Irin wannan gari ne muke son mu waiwayi tarihinsa a wannan fitowa, wato Crested Butte da ke cikin duwatsun jihar Kolorado a yammacin ƙasar Amurka.

Shi dai wannan gari ɗan ƙarami ne, domin a ƙidayar shekarar 2020 mutanensa ba su kai 2,000 ba. Amma yana zaune ne a tudun da ya kai kimanin mita 2,700 daga doron teku. Don mai karatu ya gane abin da muke nufi, garin Jos da muke kukan sanyinsa bai kai rabin haka ba, kuma dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ke nan wanda ke zaune a ƙofar gidansa a Crested Butte ya fi wanda ya hau kan Chappal Waddi nisa da ƙasa.

Kafin zuwan Turawa, 'yan ƙabilar Ute ne ke farauta a waɗannan kwaruruka lokacin zafi. Da aka ji ƙanshin azurfa a duwatsun, sai masu neman arziki suka kwararo, aka kore 'yan asalin wurin zuwa wasu yankuna da aka keɓe musu. An kafa garin a hukumance a shekarar 1880, jirgin ƙasa ya iso a 1881. Azurfar ba ta daɗe ba, kuma garuruwa da yawa da aka kafa dominta sun zama kufai. Abin da ya riƙe Crested Butte shi ne kwal. Leburori suka zo daga Italiya da ƙasashen da a yau ake kira Kuroshiya da Sulobeniya, suka shiga ramuka, wasunsu ba su fito ba. A watan Janairu na 1884 ramin Jokerville ya yi bindiga ya hallaka kusan mutum 60 a rana ɗaya. Haka aka ci gaba har shekarar 1952, lokacin da aka rufe babban ramin kwal na garin. Daga nan jama'a suka watse, aka ɗauke layin dogo, gidajen katako suka zama ba mai saye.

A farkon shekarun 1960 aka buɗe wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a dutsen da ke kusa, wanda ya ɗan dawo wa garin da numfashi. To amma wannan kasuwa ta hunturu ce kawai. Da ƙanƙara ta narke sai baƙi su tafi, a bar 'yan gari da titunan da ba su da kwalta, ga ramuka ga taɓo. Matasan da suka tare a garin cikin shekarun 1970 saboda arhar haya ba masu kuɗi ba ne. Sai suka riƙa tono tsofaffin kekuna daga juji da bayan gidaje, galibi ƙirar kamfanin Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu kaurin taya da nauyin tsiya, ba giya, birkinsu kuwa sai an mai da feda baya. Suna kiran irin wannan keke klunker, abin da mu za mu ce akwala. Ba wasa suka nufa da shi ba, abin zuwa shago ne da mashaya.

A nan ne labarin Pearl Pass ya shigo. Wannan wata mashiga ce a wuyan dutse, tsayinta kimanin mita 3,870, tsakanin Crested Butte da garin Aspen. An sare hanyar ne a farkon shekarun 1880 don alfadarai da amalanke su riƙa kawo duwatsun azurfa daga ɓangaren Aspen zuwa tashar jirgin Crested Butte. Da jirgi ya isa Aspen ɗin kansa a 1887, sai aka yi watsi da ita, ta koma tarin tsakuwa da manyan duwatsu.

Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, a shekarar 1976 wasu samarin Aspen, garin masu hannu da shuni, suka keto wannan hanya a kan babura, suka jera su a ƙofar mashayar Grubstake, suka yi ta fankama. Abin ya ɓata wa 'yan gari rai. Suka ce abin da aka yi da inji, su za su yi shi da ƙafa. A watan Satumba na wannan shekara kimanin mutum 15 suka ɗauki akwalolinsu suka nufi Aspen, tafiyar kusan kilomita 60, mota na biye da su da kayan kwana da abin sha. Suka kwana a daji a gindin mashigar, washegari suka haye, suka gangara, suka je suka jingine kekunansu a ƙofar otal ɗin Jerome, wanda shi ne abin taƙamar Aspen. Gaskiyar magana, turawa da ɗauka a kafaɗa sun fi tuƙawa yawa a wannan tafiya, wasu ma a cikin mota suka ƙarasa. Amma dai an rama, kuma ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Abin sha'awa, a daidai wannan lokaci wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, nesa da nan ƙwarai, suna can suna fama da irin waɗannan kekuna, ba tare da wani ya san da wani ba. Su abin da ya dame su gudu ne. Ranar 21 ga Oktoba 1976 suka yi tserensu na farko a wata gangara kusa da garin Fairfax, wadda tsawonta bai fi kilomita 3 da 'yan kai ba, amma tana sauka kimanin mita 400. Saboda tsananin taka birki, giris ɗin da ke cikin cibiyar tayar baya yakan ƙone ya yi hayaƙi, dole bayan kowace gangarowa a kwance a sake cusa wani. Daga wannan sake cusa giris ne tseren ya sami sunansa na Repack. Da suka gaji da karyewar tsofaffin kekuna, sai ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya zauna a 1977 ya ƙera sabon keke tun daga tushe domin wannan aiki, da ƙarfe mara nauyi da giya da birkin hannu.

Ƙungiyoyin biyu sun haɗu a 1978. Mutanen Kalifoniya sun karanta labarin Pearl Pass a wata mujalla, sai biyar daga cikinsu suka yi tattaki zuwa Kolorado, cikinsu har da Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly da wata mace, Wende Cragg, wadda hotunan da ta ɗauka suna cikin manyan shaidun da ake da su na wannan zamani. 'Yan gari suka ga baƙi na hawa da giya a wuraren da su suke sauka su tura. Baƙin su kuma suka ga duwatsun da na garinsu ba su kama ƙafarsu ba. A shekarar 1979 Fisher da Kelly suka buɗe kamfanin sayar da irin wannan keke, Tom Ritchey na ƙera musu gangar jikinsa, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka ƙera da yawa a Japan, har mai matsakaicin ƙarfi ya iya saye.

An daɗe ana gardama a kan wane ne ya ƙirƙiro wannan wasa. A ganinmu tambayar ce ba ta zauna daidai ba. Hawan keke a inda ba titi ya girmi dukkansu. Tun a 1897 wata rundunar sojojin Amurka baƙar fata ta tuƙa keke daga Missoula zuwa St. Louis, tafiyar kimanin kilomita 3,000 cikin kwana 41, ta taɓo da yashi da duwatsu. Mu ma nan wa ya ƙirga fataken da suka bi turbar daji da Rali ɗauke da buhu biyu? Abin da za a iya cewa shi ne, Marin ta samar da na'urar, Crested Butte kuwa ta nuna abin da za a yi da ita, wato doguwar tafiya ta wuni guda cikin duwatsu, da kuma garin da zai ci abinci da masu yin ta. A 1980 aka fara bikin mako guda na masu kekunan a garin, a 1983 aka kafa ƙungiyar mahaya ta Crested Butte, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa a irinta, a 1988 kuma aka buɗe zauren karrama gwanayen wasan. Wannan zaure ya zauna a garin fiye da shekara 25 kafin a mai da shi Fairfax, abin da bai yi wa wasu 'yan gari daɗi ba. Gasar duniya ta farko an yi ta a 1990 a Durango, a nan Kolorado, kuma a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik ta Atlanta.

Yanzu bari mu dubi hanyoyin kansu, domin a nan ne rigimar take. Galibinsu ba don keke aka yi su ba. Wasu burtalin shanu ne, wasu turbar masu haƙar ma'adinai, wasu na ma'aikatan gandun daji, shi ya sa har yau da lamba ake kiran wasunsu. Wadda ta fi suna ita ce 401. Mai son bin ta zai wuce Gothic, tsohon garin azurfa da ya mutu, wanda tun 1928 masana halittu suka mai da shi wurin bincike, ya hau har mashigar Schofield mai tsayin kimanin mita 3,260, ya ƙara hawa, sannan ya gangaro ta wata siririyar turba a gefen dutse, cikin furannin daji da a watan Yuli sukan kai kafaɗar mahayi.

Dab da wannan turba akwai iyakar da keke ba ya tsallakawa. A 1964 majalisar Amurka ta yi dokar keɓe wasu dazuzzuka inda aka hana duk wani abin hawa na na'ura, kuma a 1984 hukumar gandun daji ta fayyace cewa keke ma yana ciki. Crested Butte kuwa irin waɗannan dazuzzuka sun kusa kewaye shi. Masu tafiyar ƙafa da masu dawaki suna cewa keke na firgita dabbobi yana zaizaye ƙasa. Mahaya suna cewa kofaton doki ya fi taya ɓarna. Rufe hanyoyi da aka riƙa yi a Kalifoniya shi ya sa aka kafa ƙungiyar mahaya ta ƙasa da ƙasa a 1988. Dabarar da mutanen Crested Butte suka bi ita ce su ɗauki diga da shebur su riƙa gyaran hanyoyin da kansu kyauta, su kuma yi sulhu da masu ƙasa. Alal misali turbar Snodgrass ta ratsa filin masu kiwo, don haka akan rufe ta a ƙarshen lokacin zafi idan shanu sun sauko, mahaya kuma su haƙura. Mun ga hikima a nan, domin wanda ya yi gumi a kan hanya ya fi bakin magana ranar da aka zauna rabon ta.

Duk wannan ya sa shirya tafiya zuwa garin ba abin gaggawa ba ne. Lokacin hawa gajere ne. Turbobin ƙasa-ƙasa sukan bushe a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, amma na sama irin 401 sau da yawa ƙanƙara ba ta sake su sai Yuli, kuma kafin Oktoba ya yi nisa ta dawo. Hawa kan turba tana da laima abin kunya ne a wurinsu, saboda sawun taya yakan zama kwata. A Yuli da Agusta hadari kan taso da rana tsaka, ga shi a can sama ba itacen da za a fake, don haka da sassafe ake fita a sauko kafin tsawa ta fara. Sannan ga ƙarancin iska. Baƙon da ya sauka a filin jirgin Gunnison, kilomita 45 daga garin, ko ya yi tuƙin sama da awa huɗu daga Denver, akan shawarce shi ya yi kwana ɗaya ko biyu yana zagaya turbobin gefen gari kafin ya tunkari manya, in ba haka ba ciwon kai da haki su kwantar da shi. Ruwa da rigar sanyi da famfo da kayan faci da taswira dole ne, domin a kwaruruka da yawa waya ba ta kamawa.

Garin ya tsira, har ma ya yi ƙarfin da ya ja da masu ma'adinai. Tun 1977 ake fafatawa da kamfanonin da suka so haƙar wani ƙarfe a dutsen Emmons da ke kallon garin, sai a 2024 aka kammala yarjejeniyar da ta rufe wannan ƙofa. Amma arzikin ya zo da nasa ciwon. A 2018 babban kamfanin nan Vail Resorts ya sayi wurin wasan ƙanƙarar. Gidajen katakon da leburorin kwal suka bari ba mai saye, yanzu sai attajirai, da yawansu ma ba sa kwana a ciki sai 'yan makonni a shekara. A 2021 majalisar garin ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar gidaje, saboda masu dafa abinci da masu gyaran kekunan baƙi sun rasa wurin kwana, shaguna na rage lokacin aiki don rashin ma'aikata. Da yawansu a Gunnison suke kwana, su shigo motar safa da safe su yi wa baƙi hidima, da dare su koma.