Birnin Damagaram da neman ruwa: daga tabki zuwa Ganaram

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu nuna cewa duk lokacin da ƙishirwa ta matsa wa Damagaram, hukuma takan je ta nemo ruwa a wuri mafi nisa, tanadin wanda ya sauka cikin gari kuwa sai a bar shi baya.

1. Zamanin sarakuna

Birnin yana zaune ne bisa dutse, irin wanda ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa sai cikin tsagogi. Saboda haka mutanen Birni da na Zango suka dogara ga tabkuna da rijiyoyi marasa zurfi. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, an kewaye Birni da ganuwa. Ramukan da ake haƙa don ɗibar ƙasar gini sukan cika da damina, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa, sauran ya nutse ya ciyar da rijiyoyin kusa. Wannan dabara ta ishi gari ne muddin jama'a ba ta yi yawa ba.

2. Zamanin Nasara

Faransawa sun kama birnin a 1899, suka mai da shi mazaunin mulkinsu a 1911. Ba a daɗe ba yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta nuna iyakar rijiyoyin. A 1926 aka ɗauke mazaunin gwamna zuwa Yamai, bakin kogin Kwara. Akwai dalilan siyasa, amma ƙarancin ruwa yana cikin hujjojin da aka bayar. Ke nan rashin ruwa yana cikin abin da ya raba Damagaram da matsayinta.

3. Tafiya nesa

Daga baya aka juya ga yashin Gogo da Machaya, kudu da gari, ɓangaren da ƙasar Guna take, da kuma Arunguza ta arewa. Ruwan Gogo da Machaya na sama ne wanda ya nutse cikin yashi, shi ya sa aka yi madatsai don a tsare shi ya samu lokacin shiga ƙasa. In damina ta gaza, shi ma ya gaza. Haka aka gani bayan farin 1973 da na 1984, ga kuma jama'ar birnin ta kai wajen 120,000 a ƙidayar 1988, ta kai 170,000 a ta 2001. Pampo ya riƙa ɗaukewa kwana da kwanaki da bazara, ƴan ga-ruwa suka zama madogarar unguwanni. Gyaran 2001 ya ba SPEN kula da kayan aiki, SEEN kuma rabon ruwa, kafin NDE ta gaje ta. Sannan, da taimakon ƙasar Sin, aka jawo ruwa daga Ganaram, can arewa, nisan da ya fi na dā duka.

4. Abin lura

Sauyin yanayi ya zo da fuska biyu: rani mai tsanani, da ruwa mai sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni. Garin da ke kukan ƙishirwa a watan Afrilu shi ne ambaliya ke ci a ƙarshen damina, alhali gine-gine suna cinye gurbin tabkuna.

A ganinmu, tsarin ruwan birni ya kamata ya ɗauki tabkuna a matsayin dukiyar jama'a, a shata iyakarsu, a yashe su. Ya kamata kuma a sa ƙauyukan da ake ɗibar ruwa daga ƙasarsu cikin shawara, domin gonakinsu da itatuwansu ne ke tsare yashin da birni ke sha. Muna kira ga ɗalibai su tattara sunayen tsofaffin tabkuna da rijiyoyi daga bakin dattawan Birni, Zango da Guna, tun masu sanin wurarensu suna raye.