Sashe na 4: tallafin da gwamnatin Amurka ke ba ƙungiyoyin gina gidaje da raya unguwanni

Sashe na 4 suna ne na wani tallafin kuɗi da gwamnatin tarayyar Amurka ke bayarwa duk shekara domin horar da ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke samar wa marasa ƙarfi gidaje masu rahusa, da kuma ƙarfafa musu gwiwa wajen raya unguwanninsu. Sunan ya fito ne daga sashe na huɗu na wata doka da majalisar dokokin ƙasar ta zartar a 1993. Ma'aikatar gidaje da raya birane, wadda ake kira HUD a taƙaice, ita ke kula da shi. An kafa ma'aikatar a 1965 a zamanin shugaba Lyndon Johnson, kuma ministanta na farko, Robert Weaver, shi ne baƙar fata na farko da ya zama minista a Amurka.

Kuɗin ba su da yawa idan aka auna da girman ƙasar. A 'yan shekarun nan majalisa kan ware kusan dala miliyan 40 a shekara, wato sama da sefa biliyan 20, tare da keɓe wani kaso domin yankunan karkara.

Asalin ƙungiyoyin unguwa

Ƙungiyoyin da ake yi wa wannan tanadi sun taso ne daga halin da unguwannin talakawa suka shiga a manyan biranen Amurka a shekarun 1960 da 1970. Masu hali sun koma bayan gari, bankuna sun daina ba da rance, masu gidajen haya kuma sun bar gine-gine suna rubewa. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko ita ce wadda aka kafa a unguwar Bedford-Stuyvesant ta birnin New York a 1967, da goyon bayan sanatoci Robert Kennedy da Jacob Javits. A kudancin Bronx kuwa, inda gobara ta cinye gidaje layi-layi har shugaba Jimmy Carter ya je ya gani da idonsa a 1977, mazauna ne suka haɗa kai suka fara gyara kangaye. A wannan Bronx ɗin ne Hausawa da yawa daga Ghana da Nijar da Najeriya ke zaune a yau.

Matsalar irin waɗannan ƙungiyoyi a ko'ina ɗaya ce. Sun san jama'arsu gida-gida, amma gina bene mai ɗakuna hamsin a Amurka na buƙatar haɗa rancen banki da rangwamen haraji da tallafin jiha da na ƙaramar hukuma, kowanne da sharuɗɗansa da takardunsa. Ƙungiyar da ba ta da ƙwararren akawu ko mai sanin dokar filaye tana iya rasa aikin tun kafin a kafa tubali. Wannan giɓin ne Sashe na 4 ke ƙoƙarin cikewa.

Yadda kuɗin ke tafiya

HUD ba ta miƙa kuɗin ga ƙananan ƙungiyoyin kai tsaye. Manyan ƙungiyoyi uku ne kawai aka amince su nema: LISC, wadda gidauniyar Ford ta kafa a 1979, Enterprise Community Partners, wadda James Rouse, wani attajirin magini, ya kafa tare da matarsa Patty a 1982, da Habitat for Humanity, wadda aka kafa a jihar Jojiya a 1976, kuma ta yi suna saboda Carter da matarsa Rosalynn sun shafe shekaru suna ɗaukar guduma a wuraren gininta. Su ukun ne ke raba kuɗin ga ɗaruruwan ƙungiyoyin unguwa, ko dai a matsayin tallafi, ko rance, ko horo.

Sharaɗin da ya fi muhimmanci shi ne, duk dala ɗaya da gwamnati ta bayar, sai ƙungiyar da ta karɓa ta nemo dala uku daga masu zaman kansu, kamar bankuna da gidauniyoyi da kamfanoni. Masu kare shirin kan kafa hujja da wannan sharaɗi duk lokacin da aka taso da maganar rage kasafi.

Yawancin kuɗin ba a siminti ko katako suke ƙarewa ba. Da su ake biyan albashin ma'aikacin da zai jagoranci aiki, a horar da 'yan kwamitin gudanarwa, a gyara tsarin ajiyar lissafi, a biya kuɗin awon fili da zanen gini kafin banki ya yarda ya sa hannu. Ayyuka ne da ba a kiran 'yan jarida domin buɗe su, shi ya sa masu ba da taimako ba su cika son ɗaukar nauyinsu ba.

Akwai wasu shirye-shiryen da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan. Shirin HOME, wanda dokar 1990 ta samar, ya wajabta wa jihohi da birane keɓe aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasonsu ga ƙungiyoyin gidaje na al'umma, da sharaɗin kashi ɗaya bisa uku na kwamitin kowace ƙungiya ya kasance wakilan masu ƙaramin ƙarfi. Shirin Community Compass kuma yana biyan ƙwararru su horar da hukumomi da ƙungiyoyin da ke sarrafa kuɗin HUD.

Suka da siyasa

Masu suka na cewa taƙaita neman kuɗin ga ƙungiyoyi uku ya rufe ƙofar gasa, kuma da wuya a auna ko horo ya yi amfani kamar yadda ake ƙirga gidajen da aka gina. Batu na biyun yana da ƙanshin gaskiya, domin ƙungiyar da ta samu horo bana tana iya ɗaukar shekaru kafin ta kammala gini na farko. Gwamnatin Donald Trump ta farko ta sha neman a soke shirin a daftarin kasafinta, majalisa na maido da shi da ƙuri'un jam'iyyun biyu. A watan Fabrairun 2025 HUD ta sanar da LISC da Enterprise cewa ta soke tallafinsu, abin da ya tsayar da ayyuka a wurare da dama kafin a janye matakin bayan sun ɗaukaka ƙara.

Tallafin na ƙungiyoyin da ke aiki a cikin Amurka ne kaɗai. Ba a ba mutum ɗaya, ba a kuma aika shi ƙasashen waje. Saboda haka duk saƙon da ya shigo wayar wani a Yamai ko Garwa ko Kumasi da sunan HUD, ana cewa ya biya kuɗin rajista domin ya karɓi tallafin gida, aikin 'yan damfara ne.